Gammon Shokazoba: Yadda Ake Ɗaga Gaban Hilux Ya Daidaita da Bayanta

Ka samu fili mai daɓen siminti, ka ajiye Hilux ba kaya a bayanta, ka ja da baya taku goma ka dube ta daga gefe. Za ka ga gabanta ya ɗan rusuna kamar mai gaida surukai, bayan kuma ya ɗaga. Lafiyarta ƙalau, haka aka ƙero ta. Masu ƙera a-kori-kura sun san kaya za a jibga mata, shi ya sa suke barin baya ya fi gaba tsayi da inci ɗaya zuwa biyu, wani lokaci har fiye, domin idan nauyi ya hau, bayan ya sauko motar ta miƙe sambal.

A Amurka, inda mutum zai sayi Ford F-150 ko Toyota Tacoma ya yi ta zuwa ofis da ita ba ko jaka a baya, wannan rusunawar ta tsone wa mutane ido, sai aka shiga ƙera wani ƙarfe da ake ɗorawa a kan shokazoba ta gaba don ya ɗaga hancin motar. Masu sayarwa suna ce masa sifesa. Ni gammo nake ce masa, don zagayayye ne, kuma aikinsa ke nan: ya shiga tsakanin kai da kaya. Yanzu ya iso mu, ta intanet da kuma cikin motocin Kwatano, kuma samari masu Hilux sun fara tambayarsa a Ƙofar Ruwa da Panteka da Apo.

Kafin ka taɓa sifana, ka tambayi kanka me motarka take ɗauka. Idan Hilux ɗinka ta kasuwar Dawanau ce, kullum buhu takwas ko goma na masara a baya, ka bar ta yadda Allah ya nufa aka ƙero ta. Buhu goma tan guda ne, iyakar abin da aka yi ta ta ɗauka ke nan ko ma ya ɗan zarce. Da wannan nauyin bayan zai sauka ko da ba ka taɓa komai ba. In ka riga ka ɗaga gaba, sai hancin ya kalli sama, sitiyari ya yi sakwa-sakwa a hannu saboda nauyi ya bar tayoyin gaba, fitilunka kuma su shiga idon duk mai tahowa. Wanda gammo ke yi wa rana shi ne mai tafiya da mota kusan fayau, wanda bambarsa ke kartar ƙasa a mashigar rafi ko a hanyar gona da damina ta zaizaye, ko mai son sa taya da ta ɗan fi ta asali girma. Wanda kuma ya ɗaura ƙatuwar bambar ƙarfe da injin jan mota a gaba har hancin ya zauna, maganinsa na gaskiya sifirin mai ƙarfi ne. Gammo zai ɓoye masa ciwon kawai.

Akwai kuma abin da mai shago ba zai gaya maka ba. Gammo yana ɗaga ƙirjin motar da farantin da ke kare ƙasan injin, amma tulun aksil na baya yana nan inda yake, ko milimita ɗaya ba zai ɗaga ba. In tulun ne ke dukan dutse, taya mai tsayi ce kaɗai za ta cece ka. Haka nan ba ya ƙara wa ƙafar motar nisan motsi. Ƙafar gaba tana da iyakar hawa da iyakar sauka. Gammo yana tura ta ta zauna kusa da iyakar sauka, shi ya sa motar da aka ɗaga da yawa take yin "gam" idan taya ta faɗa rami.

Duba ƙafar motarka tukuna

Wannan bayanin na Hilux ne daga wadda aka fara ƙerawa a Tailan a 2004, da ake ce wa Vigo, zuwa Revo da ta gaje ta a 2015. Ƙafar gabansu hannuwa biyu ne, na sama da na ƙasa, shokazoba kuma tana cikin sifirin mai naɗi, a haɗe wuri guda. Tacoma da Tundra da Prado duk kusan tsarin ke nan. Tsofaffin Hilux da yawa masu jan ƙafa huɗu da suka riga Vigo, da tsohuwar L200, sandar murɗa gare su a madadin sifirin mai naɗi, ana ɗaga su ne ta ɗaure notin da ke ƙarshen sandar. Land Cruiser a-kori-kura kuwa aksil ɗinta na gaba sanda guda ce. Waɗannan aikinsu daban.

Gammon kansa iri biyu ne. Akwai na bisa, wanda ke zama a saman kan shokazoba, tsakaninta da mazauninta a jikin shasi. Shi ne mai sauƙi, ba sai an kwance sifirin ba, kuma shi zan bayyana. Akwai na ciki, wanda ake cusawa tsakanin sifirin da hularsa. Wannan sai da na'urar matse sifirin, yana kuma sa mota ta yi tauri a kan gargada. Mai kuɗi yana iya tsallake su duka ya sayi shokazoba da aka yi don ɗagawa, irin Bilstein 5100 mai matakai da ake zaɓar tsayi, ko Old Man Emu ta Ostareliya. Sun fi gammo nesa ba kusa ba, sai dai aljihu zai ji a jikinsa.

Ga inda mutane da yawa suke faɗawa. Kaurin gammo daban, tsayin da mota za ta ɗaga daban. Shokazoba ba a bakin taya take zaune ba, tana can wajen tsakiyar hannun ƙasa, don haka duk abin da ka ƙara mata sai ya kusan ninkuwa kafin ya kai taya. Gammo mai kaurin milimita 25 yana iya ɗaga Hilux milimita 40 zuwa 50. Wanda ya je wurin mai injin sassaƙa ƙarfe ya ce a yanko masa na inci biyu don yana son ɗagawar inci biyu, zai tashi da kusan huɗu, kuma shaf da boljoyin ba za su daɗe ba. Idan za ka saya, ka tambaya: lambar da ke kan kwalin, kaurin ƙarfen ce ko tsayin ɗagawa? Ka auna da kanka. A ganina, kada ɗagawar ta wuce milimita 50, wato inci biyu, muddin hannun sama na asali ne. Ka nemi na alminiyam ko na ƙarfe zalla, wanda ya zo da kusoshinsa da takardar bayani. Na roba mai arha yana lotsawa da zafin rana da nauyi.

Awo shi ne farkon aiki. Ka cika tayoyi iska daidai, ka ajiye motar a wuri mai lebur, da mai a tanki da kayan da ka saba yawo da su. Ka auna daga tsakiyar wili zuwa leɓen madigadi, a miƙe, a ƙafa huɗun duka, ka rubuta. Kada ka auna daga ƙasa, taya tana yaudara. Madigadin gaba da na baya ba lallai yankansu ya zo ɗaya ba, don haka ka ƙara da ɗora ma'aunin ruwa na magina a kan gefen bodi. In ka ga gefe ɗaya ya fi ɗaya sauka sosai, sifirin ya gaji, ka fara da shi. Ka leƙa ka ga ko shokazoba na yoyon mai, ko robar shaf ta tsage, ko boljoyin na wasa. Ɗora gammo a kan ƙafar da ta riga ta mutu asarar kuɗi ce sau biyu.

Abu na ƙarshe kafin kwance noti: da magariba ka fuskanci bango da motar, tazarar mita bakwai ko takwas, ka kunna ƙaramar fitila, ka ja layi da alli inda hasken ya yanke, ka kuma yi alama a ƙasa inda tayoyin gaba suka tsaya. Za ka gode wa wannan layin daga baya.

Aikin kansa

Kayan aiki: jak mai ƙarfi, turakun ƙarfe biyu na tokare mota, weji, saitin soket da sifanu, dogon ƙarfen ƙara ƙarfi, guduma, filaya, ƙarfen banƙara, igiya ko waya, man sassauta tsatsa, maganin kama noti, sabon fin na boljoyin, da sifana mai awon ƙarfi. Wannan ta ƙarshen ba kowane gareji ke da ita ba, amma ka nemo ko aro ne. Sai mutum na biyu. Kai kaɗai za ka sha wuya wajen mayar da shokazoba. Ku ware rabin yini.

Ka ja birkin hannu, ka sa weji gaba da bayan tayoyin baya. Ka ɗan sassauta notin wili shida-shida tun motar na ƙasa, sannan ka ɗaga gaban, ka tokare shasi da turaku a gefe biyu. Tayoyin gaba biyun duka su bar ƙasa, domin sandar daidaito ta haɗa su, in ɗaya na ƙasa za ta yi ta gardama da kai. Kada ka yarda da jak shi kaɗai, kada kuma ka tokare da bulon siminti. Bulo ba ya gargaɗi, fashewa yake yi lokaci guda. In babu turaku, kututturen itace mai ƙwari ya fi shi. Tayar da ka cire ka tura ta ƙarƙashin shasi, ko ba komai ta zama kariya.

Ka fesa man tsatsa a kan notuka ka ba shi ɗan lokaci. Sai ka bi wayar ABS da tiyon birki, ka kwance 'yan ƙananan maƙalan da ke riƙe su a jikin hannun sama da kan hob, don su samu sakewa. Wayar nan siririya ce, kuma idan ta tsinke fitilar gargaɗi za ta kama a gaban direba, sabuwa kuma ba arha ba. Ka cire ɗan ƙarfen da ya haɗa sandar daidaito da ƙafa, a gefe biyun. Wasu suna cire tairod ma don samun fili. In za ka iya aiki ba tare da haka ba, ka bar shi.

Yanzu ka sa jak a ƙarƙashin hannun ƙasa, ya ɗan tallafe shi kawai. Ka zare fin ɗin da ke notin boljoyin na sama, ka kwance notin amma kada ka cire shi gaba ɗaya, ka bar shi a kan zare uku ko huɗu. Wuyan boljoyin a matse yake cikin raminsa. In kana da abin ɓalle shi, to. In babu, ka doki gefen ƙarfen da wuyan ya shiga da guduma, duka mai kyau biyu ko uku, zai saki da kansa. Kada ka doki kan zaren, kada kuma ka cusa ƙarfe ka yaga robar giris. Notin da ka bari shi zai hana hannun tsalle ya same ka.

Nan ne wurin da ya fi kowane buƙatar natsuwa a mota mai jan ƙafa huɗu. Da zarar boljoyin ya rabu, kan hob da faifan birki, masu nauyi, za su so faɗowa waje. In suka faɗo, za su ja shaf, gaɓarsa ta ciki ta zare daga kofinta a cikin roba, ko tiyon birki ya ɗauki nauyin duka. Shaf ɗin da ya zare ta ciki yana iya cinye maka sauran yinin. Saboda haka tun kafin ka cire notin, ka ɗaure kan hob da igiya a jikin shasi, ya tsaya kusan yadda yake.

Sai shokazoba. Ka cire babban notin ƙasa, ka bar kusar a ciki tukuna. Ka hau sama: za ka ga notuka uku a zagaye, da ɗaya a tsakiya. Ukun nan za ka kwance. Na tsakiya haramiyarka ne. Shi ke riƙe da sifirin da aka matse da ƙarfin da ya isa ya ɗauki gaban mota, kuma in ya kuɓuce ba tare da na'urar matsewa ba, hular za ta fita kamar harsashi. Duk yaron gareji da ke taya ka, ka nuna masa wannan notin da yatsa ka ce kada ya kusance shi. Ka bar ɗaya daga cikin ukun a kan zare, ka sauke jak a hankali, ka zare kusar ƙasa, abokin aikinka ya danna hannun ƙasa, kai kuma ka cire notin ƙarshe ka zaro shokazobar. Kafin ta fita, ka yi mata alama da fenti a gefen da ke kallon waje. Ku gama gefe ɗaya kafin ku kwance ɗayan, don kada ta hagu ta koma dama, kuma ka samu abin dubawa in ka rikice.

Ka goge saman hular tas, ƙasa da tsatsa duk su fita, don gammo ya zauna daram. Ka zura shi a kan kusoshi ukun na asali, ka ɗiga maganin kama noti, ka ɗaure da awon da takardarsa ta faɗa. Ka shafa da hannu: idan kan tsofaffin kusoshin ya leƙo ya wuce fuskar gammon, ba zai kwanta a mazauninsa ba, sai an rage su. Takarda mai kyau takan faɗi haka. Wani abin da ke rikita mutane shi ne sababbin kusoshin da ke saman gammon sukan faɗa a tsakankanin tsofaffin, don haka a irin wannan sai an juya shokazobar rabin zagaye kafin idonta na ƙasa ya yi daidai da mazauninsa. In ka ga ramuka sun ƙi haɗuwa, ka juya ta kafin ka fara zagin mai shago.

Mayarwa ita ce wahalar, domin abin ya ƙara tsawo, gurbin kuma bai ƙaru ba. Ka fara da sama, ka kama notuka ukun da hannu ba ɗaurewa. Abokinka ya danna hannun ƙasa da ƙarfen banƙara, kai kana saita idon ƙasa har kusa ta shige. Idonka na kan shaf da tiyon birki duk lokacin. In hannun ya ƙi sauka, ka sassauta manyan kusoshinsa biyu na jikin shasi, amma ka fara yi wa farantansu masu zane alama da fenti, don su ne saitin alaimen. Daga nan ka ɗaga hannun ƙasa da jak, a danno na sama, wuyan boljoyin ya koma raminsa. Ka ɗaure notin da awo, ka sa sabon fin. In ramin fin bai fito ba, ka ƙara ɗaurewa kaɗan har ya fito, ba a sassautawa don neman rami. Ka ɗaure ukun sama, ka mayar da maƙalan waya da tiyo. Sandar daidaito sai an gama gefe biyun take komawa cikin sauƙi.

Babbar kusar ƙasan shokazoba, da na hannun ƙasa in ka taɓa su, kada ka yi musu ɗaurin ƙarshe mota na rataye. Bushin ɗinsu roba ce da aka manne da ƙarfe, murɗawa take yi, ba juyawa ba. In ka ɗaure ƙafa na lilo, da an sauke mota robar za ta zauna a murɗe dare da rana, cikin 'yan watanni ta tsage, ka fara jin ƙara kana neman inda take. Ka mayar da tayoyi, ka sauke motar, ka tura ta gaba da baya, ka girgiza gaban, sannan ka shiga ƙasa ka ɗaure su da awon da littafin motar ya bayar. Notin wili na Hilux awonsa 105 ne a ma'aunin Nm, ana ɗaure su a tsallake, wannan sannan na daura da shi. Tsalle a kan wilsifana ba awo ba ne, ko da kowa na yi.

Bayan an sauke ta

Tun tana tsaye, ka murɗa sitiyari iyaka hagu, iyaka dama, wani na leƙawa: taya ba ta gogar komai, tiyon birki bai miƙe tsam ba, hannun sama bai kusa taɓa sifirin ba. Ka taka birki ka ji ya cika. Ka zagaya unguwa a hankali ba rediyo, kunnenka a ƙasa. Ka dawo wurin da ka yi awon farko ka sake aunawa.

Alaimen dole ne, kuma a ranar ko washegari. Ɗaga gaba yana canza tsayuwar taya ta kowace fuska, kuma sabuwar taya tana iya cinye gefe ɗaya kafin ka ankara. Ka je inda ake da na'ura, ka gaya musu an ɗaga motar, ka ce su duba har da farantan hannun ƙasa, kada su tsaya a tairod kaɗai su sallame ka. In bayan alaimen sitiyari ba ya komowa tsakiya da kansa bayan kwana, ko motar na yawo a kan titi, ɗagawar ta fi ƙarfin hannun sama na asali. Ko ka rage gammo, ko ka sayi hannun da aka yi don motar da aka ɗaga. Sababbin Hilux masu kyamara da na'urar hango abin da ke gaba, su ma sai an sake saita musu ido da kwamfuta.

Yanzu ka koma bangon nan. Tsakanin tayar gaba da ta baya a Hilux milimita 3,085 ne. In ka ɗaga gaba milimita 50, ka karkata motar sama da kusan kashi 1.6 cikin ɗari. Ƙaramar fitila kuwa, sunkuyawar da aka yi mata tun asali kashi 1 ne zuwa 1.5, lambar na nan a rubuce a jikin fitilu da yawa. Ka ga ke nan gammo ya cinye sunkuyawar duka: a nisan mita 50 haskenka ya hau da kusan santimita 80, daidai fuskar mai ƙaramar mota ko ɗan acaɓa a hanyar Zariya da daddare. Ka tsaya a alamarka, ka buɗe bonet, ka juya notin saitin da ke bayan kowace fitila har hasken ya sauko kusa da layin allin, ya ɗara shi da inci biyun da fitilar kanta ta hau, ba fiye ba.

In taya ce ta kawo ka wannan aikin, daga 265/65R17 zuwa 265/70R17 tsayin taya yana tashi daga kusan milimita 776 zuwa 803. Ribarka a ƙarƙashin tulun aksil rabin bambancin ne, milimita 13. Agogon gudu zai riƙa nuna ƙasa da yadda yake nunawa a da, da kusan kashi 3 cikin ɗari, motar kuma za ta ɗan ƙara shan mai. Ka canza har da safaya, kada ka haɗa tayoyi masu girma daban a motar da ke jan ƙafa huɗu.

Bayan kilomita 100 ka sake bin notin wili. Bayan kamar 800, ka bi duk notin da ka taɓa, musamman ukun sama. Daga nan duk juyen baƙin mai, ka sa hannu ka shafa robar shaf ta ciki, wadda ke kusa da tulun gaba. Ita ce ke fara nuna gajiya a motar da aka ɗaga, domin naɗe-naɗenta suna gogar juna a sabuwar karkatar. In ka ga giris ya fantsama a jikin shasi, a canza robar a makon, tun yashi bai shiga gaɓar ba.